Goretti Ta Fita Daga Talauci Sau Biyu

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Wadda ta ce za ta biyo ni har gida kuma, ki taho da wayarki cike da caji, mu ma nan ba wuta.

*

Tun kafin Muktar ya gama sauka daga Keke, Asta ta san ba gaisuwa ta kawo shi ba. Ƙaninta ne, mai ɗaukar hoto a ofishin kamfen, ita ta goya shi, kuma tun yana yaro idan abu ya kwaɓe masa hularsa ce take fara karkacewa. Yau hular, mai hoton ɗan takararsu Honarabul Ɗanburam, saura kaɗan ta rufe masa kunne.

Tana tsaye a rumfar ɗakin da take kira "kamfani" a unguwar Damilu da ke Jimeta, inda ita da mata huɗu suke haɗa yogot suna ɗurawa a roba. A gefenta ga sabuwar firiza mai aiki da hasken rana, kyautar Honarabul, har yanzu a cikin kwalinta da jan ƙyalle a ɗaure, ana jiran masu haɗawa. Kullum da safe sai Asta ta goge kwalin da tsumma. Kwalin fa, ba firizar ba.

"Adda, kun kashe ni."

"Wa'alaikumus salam. A gidan Honarabul ɗin ba a koya muku sallama ne?"

"Adda, wallahi ba wasa nake ba. Ina Goretti?"

"Ga ni, Oga mai kyamara!"

Goretti ta leƙo daga ciki da ludayi a hannu. Ita ce babbar ma'aikaciyar Asta, haihuwar Mubi, Hausarta ta fi ta Muktar daɗi, Fulatancinta kuwa har tsofaffin Yola suna tambayar 'yar gidan wane ce.

Muktar ya miƙa musu waya. Wani ɗan bani-na-iya ne ya haɗa bidiyo biyu gefe da gefe ya saki a Fesbuk.

A na hagu, kamfanin Asta ne cike da mutane cikin fararen riguna. Goretti a gaba, hannu a ƙirji:

"Da ba ni da komai. Yau ina ciyar da gida, ina biyan makarantar yara. Honarabul Ɗanburam ya fitar da ni daga talauci."

A na dama, gidan burodin Jude ne, abokin sana'ar Asta, a unguwar Demsawo, shi ma cike da mutane, kuma fuskokin nan dai ne. Goretti a gaba, fulawa a kumatu, hannu a ƙirji:

"Da ba ni da komai. Yau ina ciyar da gida, ina biyan makarantar yara. Barista Wilson ya fitar da ni daga talauci."

Barista Wilson shi ne abokin hamayyar Honarabul, kujera ɗaya suke nema.

A ƙasan bidiyon an rubuta: "Baiwar Allah ta fita daga talauci sau biyu a mako guda. Mu ko sau ɗaya mun kasa."

Asta ta so ta daure. Ta cije leɓe, ta kalli kwano, ta kalli ƙasa. Sai Goretti ta ce a hankali:

"Adda, na dama ya fi kyau. Hasken gidan Jude ya fi karɓa ta."

Shi ke nan, dariya ta ƙwace. Asta ta riƙe ciki ta jingina da kwalin firiza, matan ciki suka fito suna tambayar me ya faru, aka nuna musu, su ma suka ɓarke. Kowacce tana neman fuskarta a bidiyon Barista.

Muktar kaɗai ne bai yi dariya ba.

"Ku yi ta yi. Ni tun safe ake kirana maci amana a ofis."

Gaskiyar magana, babu wanda ya shirya cin amanar kowa. Masu ƙananan sana'o'i a Jimeta suna da wata al'ada da suke kira aron hannu. Idan odar biki ta fi ƙarfinka, ka buga wa maƙwabcin sana'a waya ya turo maka mutanensa, ranar da tasa ta fi ƙarfinsa kai ma ka tura naka. Ba a biya, ba a rubutawa, abinci kawai ake ba su. Asta da Jude sun shekara da shekaru suna haka.

To da Muktar ya ce Honarabul ba zai tsaya gaban ma'aikata huɗu a ɗauke shi hoto ba, sai ɗaki ya cika, Asta ba ta ga abin wahala ba. Ta kira Jude, ya turo masu murza burodinsa har da ƙanen matarsa. Da mutanen Barista suka je wa Jude da irin wannan buƙata, shi ma ya kira ta. Da wane ido za ta ce a'a?

"Amma Adda," Muktar ya ce kamar zai yi kuka, "a ce aron mutane ya zama dole. Kalaman fa? Me ya sa kalma ɗaya ba ta canza ba?"

"Saboda kalaman sun yi kyau," in ji Asta tana share hawayen dariya. "Ni na tsara su. Kai me ka kawo min? 'Samar da guraben ayyuka dubu goma da bunƙasa arzikin al'umma.' Wa ya taɓa ganin dubu goma da idonsa? Wa ya taɓa cin bunƙasa? Amma mace ta tsaya ta ce ina biyan makarantar yara, ko mai tura baro ya gane, don shi ma an koro masa nasa."

"Oga Jude ya rasa abin da za a faɗa," Goretti ta ƙara. "Ya tsaya yana ta zufa gaban kyamara. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ina da wani a kai."

"Kuma ka saurara da kyau," in ji Asta. "Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Sunan ƙarshen ne kawai aro."

"Mai sunan gaskiyar ba ta tsaya takara ba," Goretti ta ce, ta nuna Asta da ludayi.

Asta ta harare ta don kada a ga abin ya taɓa ta. Shekarar da rikici ya sa aka gudo daga Mubi, a bakin tasha ta tsinci Goretti da yara biyu da buhun leda guda, shagon mijinta ya ƙone. Ta kai su gida da niyyar su kwana biyu. A tukunyar girkin gidan suka fara haɗa yogot, su biyu, suna aron firjin maƙwabta.

Muktar ya gyara hula, ya sauke murya.

"Adda, zo mu yi magana gefe."

"Faɗi a nan. Kamfani ba shi da gefe."

Ya waiga ya kalli matan. Sauran matan suka koma ciki, Goretti ta tsaya.

"An ba ni saƙo. Za mu ɗauki sabon bidiyo yau. Za ki ce ba ki san komai ba. Za ki ce mutanen Barista ne suka sayi Goretti don ta ɓata sunan Honarabul, kuma kin kore ta."

Babu wanda ya yi dariya wannan karon.

"Ka sake faɗa," in ji Asta.

"A baki kawai, Adda. Ta zauna gida har a gama zaɓe, daga baya..."

"Daga baya sunanta ya wanku da kansa? Ɗanta yana aji shida. Za a nuna masa uwarsa a waya a ce ga wadda aka saya."

"Idan ba a yi ba, za a ɗauke firizar. Mota tana hanya."

Asta ta ji kamar an zare mata kujera. Ta juya ta kalli kwalin.

Ba kwalliya ce ta sa take goge shi ba. Azumi ya ƙarato, kuma duk wanda ya san zafin Yola ya san me hakan ke nufi. Lokacin ne kasuwar yogot take ci, lokacin ne kuma wuta take wasan ɓuya. Bara tana ji tana gani ta riƙa zubar da kaya a kwata sun yi tsami, har sai da ta ce wa mata biyu su zauna gida. Ɗaya daga cikinsu mijinta ya rasu. Asta ta yi rantsuwa ba za ta sake kallon idon mace ta faɗa mata wannan maganar ba. Idan babu firizar nan bana, ba biyu ba, duka huɗun ne za su zauna.

Goretti ta san wannan lissafin ko ba a faɗa mata ba. Ta ajiye ludayin a bakin taga.

"Adda, bari in kai wa masu shago na Nassarawo kayansu kafin rana ta yi zafi. Ku gama maganarku ta gida."

"Babu wata maganar gida da ba kya ciki."

"Na sani. Amma kayan ba za su jira mu ba."

Ta ɗauki kular yogot, ta tare Keke, ta tafi. Har ta ɗaga wa Muktar hannu.

Asta ta juyo kan ƙaninta.

"Kai, Muktar. Wa ya yi jinyarka da ka karye a ƙwallo ina asibitin haihuwa?"

"Adda, don Allah..."

"Wa?"

"Anti Goretti."

"Yau ta koma wadda aka saya?"

"Ni ma aikina ne a kan layi! Kin san shekara nawa na yi ina yawo da takardu? Honarabul ya yi min alkawarin..."

"Ai na sani. Kai ma yana shirin fitar da kai daga talauci."

A daidai lokacin wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a ƙofa, direba ya diro yana gyara wando. A bayanta kuma Keke ya sauke Jude, ƙaton mutum mai ƙaramar murya, da ledar burodi biyu a hannu. Jude ba ya zuwa ban haƙuri hannu rabbana.

"Hajiya! No vex, abeg. Laifi na ne. Ni ya kamata in sa Goretti a baya, amma shi ne ya iya magana." Ya dangwarar da burodin a kan kwalin. "Tun safe mata na yana zagi na. Har Fada na coci ya kira ni, ya ce Jude, wane talauci ne wannan mai ƙofa biyu?"

Duk da halin da take ciki sai da Asta ta murmusa.

"Sannu da zuwa, Oga Jude. Ka zo daidai, za ka taya ni ban kwana da firiza."

"Ban kwana kaman yaya?"

Ya juya ya kalli a-kori-kurar, ya kalli direban, ya ƙanƙance ido.

"Danny? Wetin you dey do here?"

Direban ya washe baki.

"Ah, Oga Jude! Ina kwana. Oga Dubem ne ya aiko ni."

"Dubem suruki na? Mai shagon kayan wuta a kasuwa?"

"Shi. Ya ce in ɗauko firiza, haya ya ƙare."

Asta ta matso.

"Hayar me?"

"Hayar firiza, Hajiya." Danny ya faɗa cikin ladabi, shi bai san ya taka wani abu ba. "Masu kamfen suna ɗauka a wurinmu, a ɗaura ƙyalle, a yi hoto, in an kwana biyu mu je mu ɗauko. Wannan ɗin ma gidanki ne na uku. Gobe yana da taro a Nassarawo."

"Yana da taro," in ji Asta.

"Eh, Hajiya. Da safe."

Jude ya dafe kai da hannu biyu, sannan ya fashe da dariya har kafaɗunsa suna rawa.

"Chineke! Hajiya, sorry o! Kai ka ari mutane, su sun ari firiza! Allah ya taimake ni, ni Barista janareto ya ba ni, sabo fil, yana cikin shago..."

Danny ya sosa ƙeya.

"Oga Jude, daga nan wurinka zan wuce."

Dariyar Jude ta tsaya cak. Bakinsa ya kasa rufuwa.

Ta Asta ce ta karɓa. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, matan ciki suka sake fitowa, ɗaya har da guɗa. Jude ya zauna a kan benci yana ta maimaita sunan surukinsa, yana cewa jiya jiya suka ci abinci tare a kwano ɗaya bai ce masa komai ba.

Da dariyar ta lafa, Asta ta dubi Muktar. Yana kallon takalmansa.

"Ka sani?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Muktar, da kai nake. Ka sani?"

"An ce... an ce idan kika yi bidiyon, Honarabul zai biya kuɗinta ta zama taki."

"An ce."

"Haka aka ce min, Adda."

"Wa ya ce?"

"Wani na kusa da shi."

Abin ya yi mata ciwo, ciwo sosai, fiye da rashin firizar. Ta tsaya tana kallon yaron da ta goya, ta ga ba mugunta ba ce a fuskarsa, tsoro ne da yunwar aiki. Sai tausayinsa ya zo ya zauna kusa da haushin, ta rasa wanda za ta fara saurara.

Ta zaɓi abin da ta fi iyawa. Ta tattare zaninta, ta taka benci, ta haye kan kwalin firizar ta zauna daram, ƙafafu suna lilo.

"Adda, me kike yi?"

"Ina bankwana da kayana. Fito da kyamararka."

"Za ki yi bidiyon?"

"Zan yi bidiyo, amma ba nasu ba. Oga Jude, mutum nawa kake biya a gidan burodi? Na gaskiya, ban da ƙanen matarka."

"Shida."

"Ni huɗu. Goma ke nan, kuma kowanne yana da suna da unguwa, ana iya zuwa a gan shi. Za mu jera su a nan mu ce wa masu neman ƙuri'a: aikin da kuke ta alkawarin kawowa, mu tuni muna bayarwa. Ba ma son ƙyalle, ba ma son hula. Ku ba mu wuta, ku rage mana masu yankan rasit, ku ga ko ɗakin nan ba zai cika da gaske ba."

Jude ya miƙe tsaye, idonsa ya kawo haske.

"Hajiya, wannan ya yi! Mai walda na layinmu zai zo. Mai wankin kaya zai zo. Amma ni ba zan yi magana ba o, ka san ni da kyamara."

"Wa ya ce kai za ka yi? Muna da mai magana. Wannan karon ma ba sai ta ari sunan kowa ba."

Ta ciro wayarta ta kira Goretti, tana murmushi tun kafin ta shiga, don ta ƙosa ta ba ta labarin firiza mai zuwa taro.

A kashe.

Ta sake kira. A kashe.

"Caji ne," in ji ɗaya daga cikin matan. "Tun jiya take kuka da shi."

Wayar Muktar ta yi ƙara. Ta sake yi. Ta ci gaba da yi babu ƙaƙƙautawa, saƙo a kan saƙo. Ya duba, fuskarsa ta canza, ya cire hular gaba ɗaya ya riƙe a hannu.

"Mene ne kuma?" in ji Asta.

"Daga ofis ne. Suna... suna yi min barka."

"Barkan me?"

Ya miƙa mata wayar har kan kwalin.

Sabon bidiyo ne, an sake shi yanzun nan. Goretti ce a cikin Keke, ta ɗauki kanta da kanta. Ta cire farar rigar aikin, ta ninke ta a kan cinya. Muryarta ba ta rawa ko kaɗan, kamar yadda Asta ta koya mata: ki kalli kyamara, ki yi gajeriyar magana.

"Sunana Goretti. Ni ce ta cikin bidiyon nan biyu. Hajiya Asta ba ta san komai ba, ni na ci amanarta, an ba ni kuɗi na yi. Daga yau na bar aiki a wurinta. Honarabul, don Allah kada laifina ya shafi sauran matan. A bar musu firizarsu."

Bidiyon ya ƙare, ya sake farawa da kansa. A ƙasa mutane sun riga sun fara zaginta.

Asta ta ƙura wa wayar ido: Goretti ta tafi ba ta san firizar haya ce ba.

Danny ya matso da igiya a hannu, ya ɗan rusuna.

"Hajiya, yi haƙuri ki ɗan sauko. Oga yana jira."